Yaushe ake sanin kulob ya dace a zaɓen sababbin 'yan wasan NFL?

A ƙarshen watan Afrilu na kowace shekara, kulob 32 na NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka ta masu hular kwano, sukan kwashe kwana uku suna rabon samarin da suka gama buga wa jami'o'i. Ba ciniki ake yi irin na kasuwar 'yan wasan Turai ba, inda mai kuɗi ke kwashe na kirki. Layi ake bi. Kulob ɗin da ya fi shan kashi a kakar da ta wuce shi ke fara nuna wanda yake so, zakaran Super Bowl, wasan ƙarshe na lashe kofin gasar, ya zo a ƙarshe, a sake zagayowa har sau bakwai, a ɗebi mutum sama da 250. Tun 1936 ake wannan zaɓe, kuma wanda aka fara kiran sunansa a tarihi, Jay Berwanger, bai taɓa buga ko wasa ɗaya a gasar ba.

Kafin a gama kwashe kujerun zauren a daren Asabar, shafukan wasanni sun riga sun cika da maki. Wannan kulob A, wancan B, wancan F, kamar a raba wa yara sakamakon jarrabawa ran da aka ɗinka musu kayan makaranta. Su kansu masu rubuta makin sun san abin da ke ciki. Da yawansu sukan fara da cewa sai nan da shekara uku za a san gaskiya, sannan su ci gaba da rabon makin, don jama'a na karantawa. Abin da makin nan ke aunawa a zahiri shi ne tazarar da ke tsakanin jerin da mai sharhi ya tsara tun watan Maris da abin da kulob ya aikata. In kulob ya ɗauki yaron da mai sharhi ya sa a sama, ya ci A. In ya saɓa masa, sai a ce ya yi azarɓaɓi.

Zubin 2012 na Seattle Seahawks, wato samarin da kulob ɗin ya ɗauka a zaɓen shekarar, shi ne abin da ake yi wa masu maki gori da shi har yau. A zagayen farko sun ɗauki Bruce Irvin a lamba 15, aka ce sun yi gaggawa, da sun jira za su same shi a baya. A zagaye na biyu suka ɗauki Bobby Wagner. A na uku, lamba 75, suka ɗauki kwatabak, wato mai jifan da ke jan ragamar hari, mai suna Russell Wilson. Tsawonsa bai kai ƙafa 6 ba, kuma wata guda kafin nan kulob ɗin ya ɗauko Matt Flynn da kwantiragin shekara uku don ya riƙe wannan gurbi. Masu sharhi suka yi musu ca, har da wanda ya ba su F. A watan Fabrairun 2014 waɗannan samari suna cikin tawagar da ta lallasa Denver da ci 43 da 8 a Super Bowl.

To amma kada a ɗauka in an jira kaka ɗaya magana ta ƙare. A wannan shekarar dai, Washington ta miƙa wa St. Louis Rams zaɓenta na zagayen farko har na shekara uku, da na zagaye na biyu guda ɗaya, don ta hau lamba 2 ta ɗauki Robert Griffin III. Yaron ya shigo da zafinsa. Ya ja kulob ɗin ya lashe rukuninsa, aka ba shi kyautar gwarzon sababbin shiga a ɓangaren hari, aka ce Washington ta huta da neman kwatabak na shekara goma.

Ranar 6 ga Janairun 2013 Washington ta karɓi baƙuncin Seattle a wasan sili-ɗaya-ƙwale. Griffin ya shiga fili da ƙarfen tallafi ɗaure a gwiwar dama, saboda rauni da ya ji tun watan Disamba. Tun kafin a gama zangon farko Washington ta yi gaba da 14 da nema, amma kowa na ganin yana ɗingishi, kocinsa Mike Shanahan kuma bai cire shi ba. A zango na huɗu, Seattle ta riga ta wuce gaba, aka turo masa ƙwallo ta ƙasa-ƙasa. Ya sunkuya zai ɗauka, ba wanda ya taɓa shi, gwiwar ta lanƙwashe gefe, ya zube. Wanda ya shigo a madadinsa shi ne Kirk Cousins, da Washington ta ɗauka a zagaye na huɗu na wannan zaɓen aka yi ta tambayar me za ta yi da shi. A ɗaya gefen filin kuma Wilson ne. An tashi 24 da 14. Griffin bai sake komawa yadda yake ba. A 2015 Cousins ya ƙwace gurbin, a watan Maris na 2016 aka sallami Griffin.

Rams ta so ta yi dariya. Da suka haɗu a watan Disamban 2014, kocinta Jeff Fisher ya turo 'yan wasa shida da aka samo ta hanyar waccan musaya su tsaya wajen jefa kwabon fara wasa, don tsokana kawai. Sai dai lamba 2 da musayar ta ba su a 2014 sun kashe ta a kan Greg Robinson, wanda bai yi abin kirki ba, kuma har aka kori Fisher kulob ɗin bai taɓa gama kaka da rinjayen nasara ba. Shi kuwa Andrew Luck, lamba 1 na shekarar, wanda ba a taɓa shakkar iyawarsa ba, raunuka suka sa ya ajiye wasa a watan Agustan 2019 yana ɗan shekara 29.

Maganar shekara uku da ake ta maimaitawa tana da tushe, kuma tushen kuɗi ne. Kafin 2011 sabon shiga na iya samun abin da ya fi na tsofaffin taurari. Sam Bradford, lamba 1 a 2010, ya sa hannu kan dala miliyan 78 na shekara shida, miliyan 50 daga ciki tabbas ne ko ya buga ko bai buga ba. Yarjejeniyar da masu kulob suka ƙulla da ƙungiyar 'yan wasa a 2011 ta yanke wannan. Cam Newton, lamba 1 a shekarar, dala miliyan 22 ya samu na shekara huɗu. Tun daga nan duk wanda aka zaɓa kwantiragin shekara huɗu yake samu, farashin kuma lambar da aka kira shi ce ke yanke shi. Ba a yarda a sabunta masa ba sai ya gama kaka uku. Idan ɗan zagayen farko ne, kulob na da damar ƙara masa shekara ta biyar, amma tilas ya yanke shawara a farkon watan Mayu bayan kaka ta uku, kuma a tsarin yanzu in ya ce e, kuɗin ya zama dole a kansa. Ke nan a wannan lokacin ne mutanen da suka fi kowa sanin yaron, masu ganinsa a atisaye kullum, masu riƙe da takardun likitansa, ke faɗin ra'ayinsu da aljihunsu. A ganina babu makin da ya kai wannan nauyi.

Akwai kuma dalili na biyu da ya sa shekarun farko suka fi komai muhimmanci. A NFL an ƙayyade jimillar albashin da kowane kulob zai iya biya, a 2024 abin ya ɗan haura dala miliyan 255. Babban kwatabak shi kaɗai na iya cinye kashi ɗaya cikin biyar, kamar Dak Prescott da ya sa hannu kan miliyan 60 a shekara. Saboda haka ribar zaɓe ita ce ka samu ɗan wasa nagari da araha, ka yi amfani da rarar kuɗin ka kewaye shi da gwanaye. Wilson bai kai ga karɓar dala miliyan 1 a shekara ba lokacin da ya ɗaga kofi. Brock Purdy, wanda San Francisco ta ɗauka a lamba 262, na ƙarshen ƙarshe a 2022, shi ma albashinsa bai kai miliyan 1 ba a kakar da ya kai su Super Bowl. A watan Mayun 2025 ya sa hannu kan miliyan 265, garaɓasar ta ƙare. Duk abin da ɗan wasa zai yi bayan shekarun araha, kulob ya biya shi a farashin kasuwa.

Duk da haka su ma kulob ɗin sukan yi kuskure a wannan wa'adi. Denver ta ƙi ƙara wa Garett Bolles shekara ta biyar a 2020, saboda yawan laifin riƙe abokin hamayya da yake jawo musu. Kafin shekarar ta fita ya gyaru har sun ba shi sabon kwantiragi na shekara huɗu. Raiders ta ƙi ƙara wa Josh Jacobs a 2022, ya amsa musu da yadi 1,653, ya fi kowa gudu da ƙwallo a kakar. New York Giants ta yi kuskuren sau biyu a kan mutum ɗaya: ta ƙi ƙara wa Daniel Jones a 2022, ya yi kaka ɗaya mai kyau, ta ba shi miliyan 160 a watan Maris na 2023, ta sallame shi a Nuwamban 2024. Tun kafin wannan tsari ma, San Diego ta fid da rai da Drew Brees bayan kaka uku, ta kawo Philip Rivers a 2004. A kakar ce Brees ya buɗe wuta, suka ci wasa 12.

Me ya sa abin ke ɗaukar lokaci haka? Na farko, wasannin ba su da yawa. Kakar NFL wasa 17 ce, kafin 2021 ma 16 ce, ba ta kai rabin ta Firimiyar Ingila ba. Rauni ɗaya na wata biyu ya cinye rabin abin da za a auna mutum da shi. Na biyu, wasa ne da mutum ɗaya ba ya iya nuna kansa sai sauran goman sun yi aikinsu. David Carr, lamba 1 a 2002, sabon kulob ya faɗa, Houston Texans, mai katangar kariya kamar babu. An kayar da shi sau 76 a kakarsa ta farko. Wa zai iya rantsewa kan abin da zai zama da wani wuri ya sauka? Alex Smith, lamba 1 a 2005, kowace shekara cikin biyar ɗinsa na farko da sabon mai tsara hari ya yi aiki, kowanne da littafin dabarunsa da sunayen da yake kiran su. An gama yi masa kallon asara, sai koci Jim Harbaugh ya zo San Francisco a 2011 suka ci wasa 13. Jared Goff na Rams ya fara wasa bakwai a 2016 ya sha kashi a duka bakwai. Aka canza koci, Sean McVay ya zo, bayan kaka biyu yana Super Bowl.

Kowane gurbi kuma da irin agogonsa. Mai ruga da ƙwallo shi ya fi saurin nuna kansa, don abin da ya iya a jami'a, ganin kafa da kutsawa, shi ne dai aikin. Ezekiel Elliott ya fi kowa yadi a kakarsa ta farko a 2016. Amma su ne kuma suka fi saurin ƙarewa saboda dukan da jiki ke sha. Todd Gurley ya zama gwarzon masu hari a 2017, Rams ta sallame shi a watan Maris na 2020, yana ɗan shekara 26 ya buga kakarsa ta ƙarshe. Masu cafe ƙwallo sun rabu biyu: Justin Jefferson ya yi yadi 1,400 tun shigowarsa, Davante Adams kuwa sai a shekara ta uku ya daina zubar da ƙwallo, bayan magoya bayan Green Bay sun gaji da shi. Travis Kelce wasa ɗaya ya leƙa a 2013, gwiwa ta kwantar da shi. Nnamdi Asomugha, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, Raiders ta ɗauke shi a lamba 31 a 2003 don gadin masu cafe. Kaka uku bai tare jifa ko ɗaya ya cafe ba, a ta huɗu ya cafe takwas, daga nan masu jifa suka daina kallon gefensa. Shi kuwa Jordan Mailata, ɗan zari-ruga daga Ostireliya da Philadelphia ta ɗauka a zagaye na bakwai a 2018, bai taɓa buga wannan wasa ba a rayuwarsa. Sai 2020 ya fara shiga fili.

Kwatabak ne ya fi wahalar karantawa, kuma shi ne ke ɗaga zubi ko ya nutsar da shi. Peyton Manning ya jefa wa abokan hamayya ƙwallo sau 28 a 1998, kulob ɗinsa ya ci wasa 3 kacal. Aaron Rodgers shekara uku ya yi a benci yana kallon Brett Favre, babban kwatabak na Green Bay, Jordan Love ma shekara uku ya yi yana kallon Rodgers, lokacin da wa'adinsa na Mayu ya zo wasa ɗaya tak ya taɓa farawa. Da me za a auna irin wannan? Amma zubin 2018 ya fi koyar da darasi, don mutum biyar aka ɗauka a zagayen farko: Baker Mayfield lamba 1, Sam Darnold 3, Josh Allen 7, Josh Rosen 10, Lamar Jackson 32. Bayan kaka ɗaya Mayfield ne a gaba, da jifan ci 27. Allen kuwa da ƙyar jifansa ya haura kashi 52 cikin ɗari wajen isa hannun nasa, ana cewa ƙarfin hannu kawai gare shi ba saiti. Bayan kaka biyu Jackson, wanda wasu suka ba shawarar ya koma mai cafe, ya zama gwarzon gasar ba tare da ƙuri'a ɗaya ta kauce masa ba. Bayan kaka uku Allen ya kai kashi 69. A 2022 Mayfield ya zama ɗan yawo, daga Cleveland zuwa Carolina zuwa Rams cikin shekara guda, Darnold ma a 2023 ɗan benci ne a San Francisco. A 2024 Mayfield ya yi jifan ci 41 a Tampa Bay, Darnold ya ci wasa 14 da Minnesota, Allen ya ɗauki kyautar gwarzo. Duk shekarar da ka tsaya ka jera su, jerin daban ne. Rosen kaɗai ne hukuncin farko ya tabbata a kansa.

Nan ne nake rabuwa da masu cewa a yi ta jira har abada. Farfaɗowar Darnold a Minnesota ba ta wanke New York Jets ba. Sun hau sama sun ɗauke shi, sun yi shekara uku ba su samu komai ba, suka miƙa shi ga Carolina a 2021. Ko laifin mai zaɓe ne ko na masu horarwa, kulob ɗaya ne, kuma kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Haka Atlanta ba za ta yi taƙama da Favre ba don ita ta ɗauke shi a 1991. Jifa huɗu ya yi mata, babu wanda ya isa hannun nasa, biyu abokan hamayya suka cafe, ta sayar da shi ga Green Bay. Zubin 2017 na New Orleans yana cikin mafi kyau na zamanin nan, Marshon Lattimore da Alvin Kamara sun kwashe kyautar sababbin shiga ta tsaro da ta hari a kaka ɗaya. A cikinsu akwai Trey Hendrickson na zagaye na uku, wanda shekara uku ba a jin ɗuriyarsa. A ta huɗu ya kayar da kwatabak sama da sau 13, kwantiragi ya ƙare, Cincinnati ta ɗauke shi, a can ya fi kowa a gasar a 2024. Idon da ya hango shi ya cancanci yabo, amma New Orleans kaka ɗaya ta mora. Hukuncin ɗan wasa na iya jiran shekara bakwai ko goma. Hukuncin abin da kulob ya ci daga zubinsa yana rufewa ne da ƙarewar kwantiragin farko, kuma a ƙarshen kaka ta uku an riga an ga mafi yawansa.

Akwai ma abin da za a iya faɗa tun daren zaɓen ba tare da zalunci ba, shi ne farashi. A 2021 San Francisco ta ba da zaɓen zagayen farko na shekara uku don Trey Lance, yaron da wasa 17 kawai ya fara a jami'a, a ƙaramin rukuni, kuma wasa ɗaya ya buga a shekarar da ta gabata. Ba sai an jira ya karya idon sawu a 2022 ba kafin a ce cacar ta yi tsada. Wasa huɗu ya fara musu, suka bayar da shi ga Dallas a kan zaɓen zagaye na huɗu. Da Purdy bai faɗo musu ba, da wani ya rasa aikinsa. Haka lokacin da Giants ta ɗauki Saquon Barkley a lamba 2 a 2018. Ba wanda ya yi musun gwanintarsa, abin da aka ce shi ne gurbinsa ana samun mai cike shi a zagaye na uku, ga shi kuma suna buƙatar kwatabak. Barkley ya yi duk abin da aka zata, amma cikin shekara shida wasan sili-ɗaya-ƙwale ɗaya suka ci da shi. Ya koma Philadelphia, inda katanga ke da ƙarfi, ya yi yadi 2,005 ya ɗauki kofi. Zaɓen bai yi wa Giants amfani ba ko da yake yaron ya fito yadda aka ce.

Dalilin da ya sa tsadar hawa sama ke da haɗari, masana biyu, Cade Massey da Richard Thaler, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2017, sun bi diddigin zaɓen shekaru masu yawa. Sun duba ɗan wasa da wanda aka ɗauka bayansa a gurbi iri ɗaya, suka tarar na farkon ya fi na bayan ne kimanin kashi 52 cikin ɗari kawai. Duk da 'yan leƙen gwaninta da ke yawo jami'o'i shekara guda, da gwajin gudu da tsalle na Indianapolis, da tambayoyin ƙwaƙwaf, abin ya ɗan ɗara jefa kwabo ne kaɗan. A 2017 John Ross ya yi gudun yadi 40 cikin daƙiƙa 4.22, Cincinnati ta ɗauke shi a lamba 9. Wanda aka kira bayansa shi ne Patrick Mahomes, kwatabak ɗin da ya zama babban tauraron Kansas City. Su ma New England da ake yaba wa kan shahararren kwatabak Tom Brady, lamba 199 a shekarar 2000, mutum shida suka ɗauka kafin su waiwaye shi. Da sun san abin da ke hannunsu, ba za su bar shi ya kai zagaye na shida ba.

Wani abin da ake iya karantawa da wuri shi ne ɗabi'ar kulob ɗin kansa. Manaja ba ya son amsa cewa ya yi kuskure, shi ya sa ɗan zagayen farko ke samun dama kan dama. To in ka ga an rabu da shi da wuri, magana ta ƙare a cikin gida. Arizona ta sayar da Rosen bayan kaka ɗaya ta ɗauki Kyler Murray. Tennessee ta rabu da Isaiah Wilson, lamba 29 a 2020, bayan ya leƙa wasa ɗaya. Cikin kwatabak biyar na zagayen farko a 2021, huɗu sun bar kulob ɗin da ya ɗauke su kafin a zauna zaɓen 2024, har da Mac Jones da aka gayyata wasan taurari na Pro Bowl a kakarsa ta farko. Trevor Lawrence kaɗai ya rage. Mummunan labari da ya fito daga hannun kulob ya fi kyakkyawar kaka ɗaya abin dogaro.

Tambayar da ta fi duka jinkirin amsa ita ce ko mai zaɓen gwani ne. Zubi ɗaya mutum bakwai ne ko takwas, ba su isa a raba iyawa da sa'a ba. Manaja John Schneider da koci Pete Carroll na Seattle sun yi shekara uku a jere kamar masu duba: Earl Thomas da Kam Chancellor a 2010, Richard Sherman a zagaye na biyar a 2011, sai zubin Wilson. A 2013 mutanen nan dai, da ofishin nan dai, suka ba da zaɓen zagayen farko don Percy Harvin, wanda suka rabu da shi a shekara mai zuwa, suka buɗe da Christine Michael, zubin bai fitar da tauraro ko ɗaya ba. Ba basirarsu ce ta ƙafe cikin wata goma sha biyu ba.

Sau da yawa ma kuskure da dace a zubi ɗaya suke zama. A 2020 Howie Roseman, manajan Philadelphia, ya ɗauki Jalen Reagor a lamba 21, ya bar Jefferson, Minnesota ta cafke shi a 22. Washegari ya kashe lamba 53 a kan kwatabak Jalen Hurts, alhali bai cika shekara da bai wa Carson Wentz kwantiragin sama da dala miliyan 100 ba. Magoya baya suka ce ya haukace, kulob ɗin ya ci wasa 4 kacal a kakar, aka kori koci, ana ta kiran a haɗa da Roseman. Mai kulob Jeffrey Lurie ya ƙi. Kuskuren Reagor cikin wata huɗu kowa ya gan shi, kuma a 2022 aka tura shi Minnesota ya zauna ɗakin sauya kaya ɗaya da Jefferson. Hurts kuwa sai a kakarsa ta uku aka daina gardama a kansa, ya kai su Super Bowl suka faɗi a hannun Kansas City. A watan Fabrairun 2025 suka sake haɗuwa, Philadelphia ta ci 40 da 22, aka ba shi gwarzon wasan.